Yadda Sana'ar Hoto Ta Iso Ƙasar Tsanyawa, Da Yadda Zamani Ya Juya Ta

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina, ya wuce Dawanau, ya bar Bichi a baya, ya shiga ƙasar Tsanyawa inda gona ke manne da gona, ƙauye na hangen ƙauye, zai tarar da wuya a sami saurayin da bai taɓa ɗaukar hoto da hannunsa ba, alhali kuwa ga dattawa nan da ransu waɗanda ba su san kamannin kakanninsu ba sai ta bakin masu ba da labari. Tsakanin waɗannan tsara biyu ne wata sana'a ta zo baƙuwa, aka yi ta gardamar halaccinta, ta zauna ta ciyar da masu yin ta, sa'an nan kuma cikin 'yan shekaru ta nemi kuɓuce musu.

Asalin hikimar dai daɗaɗɗe ne, gama Hasan ɗan Haisam, mutumin Basra wanda ya zauna Alƙahira ya rasu wajen 1040 Miladiyya, ya bayyana cikin Kitabul Manaziri yadda haske, idan ya kutsa ta ƙaramar kafa cikin ɗaki mai duhu, yakan jefa surar abin da ke waje a jikin bango, kai ƙasa ƙafa sama. Abin da ya gagari magabata shi ne tsare wannan sura kada ta gushe, kuma ba a sami dabarar da ta karɓu ba sai 1839, lokacin da aka shelanta ƙirƙirar Daguerre a Faransa. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak, wadda ko wanda bai san haɗa magunguna ba yana iya ɗauka da ita ya aika a wanke masa.

A ƙasarmu ta bakin teku ta shigo. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, shi ya ɗauki Oba Ovonramwen na Binin a cikin jirgin ruwa bayan Ingilishi sun tuɓe shi a 1897, George Da Costa na Ikko kuwa ya bi aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa yana ɗauka. Arewa ta fara ganin kyamara sosai a hannun hafsoshi da joji-joji bayan cin Kano a 1903, kuma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Sabon Gari ya kafu, sai Yarabawa da Ibo da mutanen Gwalkwas suka buɗe shaguna, har ya zama shekaru da yawa in an ce mai hoto, to, baƙo ake nufi. Mutumin karkara a wannan zamani abin ɗauka ne kurum. Akan tsai da shi da fartanya a kafaɗa, ko yana kora jaki da taikin gyaɗa, a ɗauke shi, a buga a kati a sayar a Ingila, ba a rubuta sunansa ba, ba a tambayi yardarsa ba, shi kuma bai taɓa sa ido a kan abin da aka ɗauka ba.

Dalilin da ya sa Bahaushe ya yi jinkirin karɓar sana'ar ba ƙyuya ba ce, mas'ala ce ta addini, domin hadisai sun zo da narko mai tsanani a kan masu yin sura, kuma almajirin da ya ji haka a zaure ba zai yi gaggawar tsayawa gaban akwatin Nasara ba. Amma malaman Malikiyya tun tuni sun rarrabe tsakanin gunki mai jiki, mai inuwa, mai cikakkun gaɓɓai, wanda shi ne haramun ba saɓani, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko tufa, wanda hukuncinsa bai wuce karhanci ko barin abin da ya fi ba. Daɗa Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin Muftin Masar a zamanin Yaƙin Duniya na Farko, ya wallafa risala yana kafa hujja cewa mai ɗaukar hoto bai ƙagi wata halitta ba, inuwar da Allah Ya riga Ya halitta ya tsare. Ba kowane malami ya gamsu ba, har gobe akwai masu tsantseni. Sai dai a ganina ba fatawa ce ta buɗe wa hoto ƙofa a ƙasar Kano ba, ƙauna ce da larura. Ƙauna, domin tun bayan haɗuwar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajji a 1937, faila ta bazu birni da ƙauye, muridai suka riƙa rataye hoton Shehu a zaure da shago don neman tabarraki, kamar yadda daga baya 'yan NEPU suka riƙe na Malam Aminu Kano, 'yan NPC na Sardauna. Larura kuwa, domin hukuma ta fara cewa ba ta san mutum ba sai da fuskarsa a takarda.

Wannan larura ita ce ginshiƙin sana'ar a wuri kamar Tsanyawa. Alhazan da, waɗanda sukan bi ta Barno da Cadi da Sudan a ƙasa, su shekara da shekaru a hanya, ba su da bukatar kowa ya ɗauke su. Amma da tafiya ta koma jirgin sama daga Kano, fasfo ya zama tilas, hoto kuma ya zama sharaɗin fasfo, sai ga dattijon da ya ƙi kyamara iyakar ransa ya zauna gabanta ala tilas, yana mai dogaro da ƙa'idar cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ƙara kawo ciniki, gama kowane yaro da zai zauna jarrabawar shiga sakandare sai an manna hotonsa a fom, haka mai neman aikin soja ko ɗan sanda ko lasin tuƙi.

Wanda ya fara biyan wannan bukata a karkara shi ne mai akwati, wanda ke bin kasuwanni ranar cinsu da wata kyamarar katako mai ƙafa uku. Yakan rataya baƙin ƙyalle a jikin katanga, ya zaunar da mutum a benci, ya gyara masa zaman hula, ya ce, "Alhaji, a ɗan ɗaga haɓa, kada a ƙifta." Sai ya cire murfin gilashi, ya ƙirga a zuci, ya mayar, sa'an nan ya zura hannu ta wani hannun riga da ke ɗinke a jikin akwatin, inda ya ajiye tasoshin magani guda biyu, ya tsoma takarda a wannan ya tsoma a wancan yana leƙe ta ƙaramar kafa. Abin da ke fara fitowa juyayye ne, fuska fara, farar riga baƙa, har wanda aka ɗauka ya tsorata. Sai a kafe wannan a gaban gilashi a sake ɗaukarsa, a ɗauraye a bokiti, a yanke gefe da almakashi, a miƙa wa mutum da danshinsa. Shagon gari ya fi wannan alfarma: labule mai zanen jirgin sama ko bene, da furen roba, da wayar tarho wadda ba ta haɗe da kome, da agogon hannu na aro, domin saurayi ya aika wa budurwa hoton mutumin da yake fatan zama.

Ta ɓangaren jarida kuwa wata hanya aka bi. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ta shiga ƙauyuka ta hannun malaman makaranta da ma'aikatan En'e, mutum ɗaya ya karanta goma su saurara, amma hoton kowa ya karanta da kansa, ko da bai san baƙi ba. Nigerian Citizen ta biyo baya a 1948, New Nigerian ta gaje ta a Kaduna ranar 1 ga Janairu 1966, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Triumph a Kano a 1980. Kowacce tana da masu hoto na albashi da ɗakin wanki nata, kuma aiki ne mai martaba, kamar yadda Peter Obe na Daily Times ya yi suna da hotunan yaƙin basasa. Sai dai, in za a faɗi gaskiya, galibin jaridun nan na hukuma ne, saboda haka kyamararsu bayan manya take bi: hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, dalar gyaɗa, yanke ƙyallen buɗe asibiti. Ƙauye bai cika shiga jarida ba sai gwamna ya kai ziyara, ko fari ko annoba ta auka, kuma manomin da ya noma gyaɗar da aka tara dala da ita, in ma ya fito, to, a bayan hakimi yake tsaye cikin taro.

Shekarun 1980 su suka mai da sana'ar hannun 'yan gida. Injunan wanke hoto mai kala sun iso birane, kuma da yake injin ba ya tambayar wanda ya ɗauka, sirrin ɗakin duhu, wanda da sai an yi shekaru ana bauta wa maigida kafin a samu, ya daina zama shinge. Duk saurayin da ya mallaki kyamara da keke ya zama mai hoto: ya sayi fim mai ɗauka talatin da shida, ya zaga suna da biki da saukar karatu da yawon Salla, in fim ya cika ya shiga mota zuwa Kano, ya dawo da ambulan yana rabawa gida gida. Ribar ƙanƙanuwa ce, bashi kuma da yawa, musamman bayan karyewar darajar naira daga 1986, da yake fim da takarda da magani duk daga waje ake kawo su. Ga wanda zai ce an baƙanta shi ya ƙi biya, ga fim da zai ƙone gaba ɗaya a rasa abin gaya wa ango. Kuma akwai iyakar da ba ya ƙetarewa, wato ƙofar da aka rubuta wa "ba shiga", shi ya sa in an buɗe tsohon albom sai a ga 'yan mata da amare birjik, matan aure kuwa jefi-jefi.

Duk wannan ciniki a kan abu ɗaya ya dogara: na'urar tana hannun mutum guda, bukatar tana wajen kowa. Wayar salula, wadda ta fara bazuwa a Nijeriya daga 2001, ba ta jima ba ta zo da kyamara a jikinta, ta shiga har cikin ɗakunan da mai hoto bai taɓa takawa ba. Ita hukuma ma, wadda larurarta ta raini sana'ar, ta janye hannu, domin rajistar masu zaɓe ta 2011, da lambar BVN ta bankuna daga 2014, da katin ɗan ƙasa, dukansu da kyamarar ma'aikaci ake ɗaukar mutum nan take. Ba a nan kaɗai abin ya tsaya ba: kamfanin Kodak, wanda injiniyansa Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, ya bayyana karayar arziki a 2012, jaridar Chicago Sun-Times kuma ta sallami dukan masu hotonta a 2013, ta ce wakilai su riƙa ɗauka da waya. A gida, New Nigerian ta durƙushe, aikin albashi ya yi wuya, mai hoton jarida ya koma sayar da hoto ɗai-ɗai ga kamfanonin dillancin labaru da ƙungiyoyin agaji, ko ya shiga ayarin wani ɗan siyasa.

Lalle an sami alheri cikin wannan juyi, gama yanzu in gada ta karye ko ambaliya ta ci gonaki a wajen 'Yankamaye ta ƙasar Tsanyawa, kafin la'asar hoton ya zaga Facebook da WhatsApp ba tare da jiran izinin edita ba, kuma 'yan ƙasa sun fara nuna ƙasarsu da idonsu, kamar Fati Abubakar wadda ta shiga ɗaukar rayuwar mutanen Barno ta yau da kullum a lokacin da duniya ba ta ganin kome can sai gawa, da Sani Maikatanga na Kano. Amma hoton jarida na da yana da isnadi: an san wanda ya ɗauka, da ranar, da wurin, kuma nagatif na ajiye in an yi musu. Na yanzu yakan zo ba uba ba dangi, a ɗauko na wata ƙasa ko na shekarun baya a ce jiya ne a garin kaza, jama'a su yi ta turawa, ga kuma na'urorin da ke ƙaga surar abin da bai taɓa aukuwa ba, wanda ya sa hujjar Shehu Bakhit ta tsare inuwa ba ta hau kansa ba, mas'alar ta koma gaban malamai sabuwa.

Su kuwa masu hoton karkara da suka rage sun rarrabu. Masu ɗan jari sun sayi kyamarar bidiyo da kwamfuta, suna ɗaukar biki, suna gyara fuskar amarya, suna kai kalanda da fastocin 'yan takara Kano a buga, kakarsu kuma ita ce bayan girbi da shekarar zaɓe. Saura sun ajiye ƙaramar firinta don fasfo na gaggawa, suka cike gurbin da cajin waya, da tura finafinai da wa'azi a memori, da cirar kuɗi ta POS. Tsofaffin nagatif na bukukuwan shekara talatin, waɗanda ba wata ma'adana da ta nemi tattara su, yawanci gara da damina sun gama da su tun sa'ad da aka kwashe kayan shago don a sami wurin kafa allon caji.