ZARE: Daga soro da jinka zuwa kwano, yadda iska ta samu sa'ar rufin gidajen Gobir

1/ Duk shekara, tsakanin Mayu da Yuni, labarin ɗaya ne a yankinmu na Sabon Birni da Isa. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta riga ruwa isowa, da safe a tsinci kwanon makaranta ko na masallaci a gonar wani. Mu ce ƙaddara. Haka ne, amma akwai tarihi a ciki. Ku biyo ni.

2/ Ni ɗan Burkusuma ne, ɗalibin jami'a. Tambayar da ta sa ni wanga rubutu ita ce: iskar farkon damina ba jiya ta fara ba, kuma Gobirawa sun yi ɗaruruwan shekaru a nan. To da me suka riƙe rufinsu? Da abu biyu: nauyi da ɗauri.

3/ Mu koma zamanin Alkalawa, babban birnin Gobir tun tsakiyar ƙarni na 18, inda Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, har ya faɗi hannun masu jihadi a 1808. A biranen Hausa na lokacin rufi iri biyu ne: soro ga sarakai da attajirai, jinka ga yawancin jama'a.

4/ Bature Hugh Clapperton da ya zo Sakkwato a 1824 ya ga gidajen manya masu rufin ƙasa a shimfiɗe. Indararon da suka leƙo daga saman bango har sun yi masa kama da jerin bakin bindigogi. Wato shekara 200 da suka wuce an riga an ƙware a irin ginin nan.

5/ Yadda ake soro: a tsaga giginya a fitar da azara, itacen da gara ba ta cika ci ba. A jera ta kan bango, a shimfiɗa zana ko kara, a zuba ƙasa a daddaɓe. Azara ba ta ɗaukar nauyin nan idan tazarar ta wuce kusan mita 2, shi ya sa tsofaffin ɗakuna ke da ƙunci.

6/ Don a faɗaɗa ɗaki sai magina suka fito da bakan gizo da ɗaurin guga. Wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19, ya ga iya inda fasahar ta kai.

7/ Soro bai bar wa iska wurin kamawa ba. Rufin na zaune a cikin bango, rawani ya kewaye shi, babu baki a waje da za ta shiga ƙarƙashinsa. Ga kuma nauyi: ƙasa mai kaurin santimita 15 ta haura kilo 200 a kowace murabba'in mita. Wace iska za ta ɗaga wannan?

8/ Talaka shi kuma dabararsa daban. Ɗakinsa zagayayye ne, jinkarsa mai tsini. Iska in ta zo ba ta samun kusurwar da za ta cafka, sai ta rabu biyu ta wuce. Ciyawa kuma tana numfashi, iskar da ta shiga ɗaki tana samun hanyar fita.

9/ Sannan komai a ɗaure yake. A haɗa tsaiko a ƙasa, a tanke shi da igiya zagaye bayan zagaye, a yanta ciyawa a baibaye, sai maza su taru su ɗaga a ɗora. Igiyar kaba ce ko ta rama. Kaba ta wadata a ƙasar nan, har kwari guda a tsallaken iyaka sunansa Gulbin Kaba.

10/ Kar a ce ina yabon da ne kawai. Jinka ma takan tashi in iska ta yi tsanani, amma in ta faɗo ba ta datse kan yaro, kuma gayya ɗaya ta isa a mayar da ita. Babban abokin gabarta wuta ce. Gobara ɗaya a lokacin hunturu sai ta lashe unguwa.

11/ Soro kuwa ruwa ne ajalinsa. Sai an bi shi da yaɓe kafin kowace damina, da makuba ta ɓawon ɗorawa ko laso na katsin marina. Aka yi sakaci, ko aka kwana biyu ana ruwa, sai azara ta gaji rufin ya rufto kan masu barci. Wannan ma mun san shi.

12/ To ina kwano ya fito? A 1829 wani injiniya a Landan, Henry Palmer, ya yi rajistar fasahar lanƙwasa fallen ƙarfe don ya yi ƙwari. Mara nauyi, mai sauƙin lodi a jirgin ruwa. Duk inda Turawan mulkin mallaka suka sa ƙafa, da shi suka rufa bariki da kanti.

13/ Ingila ta ci Sakkwato a 1903. Yarjejeniyoyinta da Faransa na 1904 da 1906 suka raba Gobir biyu: Tsibiri can, Sabon Birni nan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Daga Ƙaura kuwa hanya ce ta Shinkafi zuwa Isa. Gyada ta fita, kayan kanti su shigo.

14/ Duk da haka kwano ya daɗe yana abin masu hali. Shekarun 1970 ne suka sauya lissafi: kuɗin man fetur, ƙarin albashin Udoji, da shirin firamare kyauta na UPE a 1976 da ya baza azuzuwan bulo da kwano har ƙauyuka. Rufin kwano ya zama shaidar cewa gida ya samu.

15/ A daidai lokacin daji ma ya ja baya. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe itatuwa, gonaki suka cinye wuraren yankan gamba da shuci. Giginya kuma sai ta shekara da yawa kafin ta ba da azara mai kyau. Don haka ba ƙyale-ƙyale kaɗai ya kai mutane ga kwano ba, har da tilas.

16/ Ga inda matsalar take. Kwano ya kawar da nauyi, mu kuma ba mu ɗauko ɗaurin kakanni mun kawo masa ba. Aka ɗora katako kan bango, aka buga ƙusa, aka jera duwatsu ko tsofaffin tayoyi a sama, shi ke nan wai an gama.

17/ Iska ba tura rufi kawai take ba, tsotsarsa take sama, kamar yadda take ɗaga fiffiken jirgi. In gudunta ya ninka biyu, ƙarfinta ninki huɗu yake yi. A gudun kilomita 100 cikin awa, tana jan kusan kilo 50 a kowace murabba'in mita, a kusurwa ma ya fi haka.

18/ Ku lissafa: ɗaki mita 4 da mita 4, jan ya doshi kilo 800. Siririn kwanon da ke kansa duka bai wuce kilo 40 ba. In kuma ƙofa ko taga ta gabas ta ɓalle, iska ta cika ɗakin tana turawa daga ciki. Iska na wahalar da mai kayan kara, haka take wa mai rufin da ba ɗauri.

19/ Abin da tarihin nan ya koya mini, ga mai shirin rufi. Na farko, a ɗaure katako da bango. A bar rodi ko waya mai kauri tun daga linta, ko a zura ta layi uku zuwa huɗu ƙasa cikin gini, a naɗe katakon. Nauyin bango shi zai maye gurbin nauyin soro.

20/ Na biyu, siffa. Rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure iska, don ya fi kusa da jinka. Gangarar kar ta kwanta sosai, wajen digiri 30 ya yi. Bakin kwano kar ya zarce bango da yawa. Rumfar ƙofar ɗaki a yi mata rufinta daban, in ta tashi ta tafi ita kaɗai.

21/ Na uku, in za a ɓoye kwano cikin bango irin na rawani, dabarar soro ce kuma tana aiki. Amma a fitar da indararo mai faɗi, in ba haka ba ruwa ya kwanta ya jiƙa bango, a gudu daga iska a faɗa hannun ruwa.

22/ Na huɗu, kaya. Bandir falle 20 ne ko na mai kauri ko na siriri, kuma siririn a bakin ƙusa yake yagewa. A sa ƙusa mai hula a kan tudun kwano, a ƙara yawanta a gefe da kusurwa. Katako a shafe shi da maganin gara. Gara ka rufa ɗaki ɗaya da kyau da ka rufa biyu a sama-sama.

23/ Maganar ta fi nauyi yanzu. Tun 2019 rashin tsaro ya kori dubban mutanenmu, wasu zuwa cikin Sabon Birni da Isa, wasu har Gidan Runji a jihar Maraɗi. Shiga daji yankan ciyawa ya zama kasada. Wanda ya dawo gini yake cikin gaggawa, da ɗan abin da ya rage masa. In iska ta ɗauke, ba shi da na sake saye.

24/ Don haka masu ba da tallafin kwano, gwamnati ko ƙungiyoyi, ku haɗa da waya da ƙusa da kuɗin kafinta. Masu karɓar aikin azuzuwa, a duba ɗaurin kafin a rufe da silin.

25/ Mu kuma samari, kafin hadarin farko a hau a duba rufin iyaye: ƙusar da ta ɗago, katakon da gara ta ci. In akwai tsohon magini ko mai baibaya a garinku, ku zauna da shi ku rubuta abin da ya sani tun yana raye. Ku faɗa mini yadda ake ɗaurin rufi a naku garin. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya dawo mana da zaman lafiya.