Zoɓon Maigatari da Kofunan da Ya Shiga

A da, yakuwa ba ta da gonar kanta. A gefen gero da dawa ake yafa ta don ta raba iyaka. Ganyen ya shiga miya da fate, 'ya'yan a yi daddawar batso da su, jan soɓorodon kuma a shanya. Haɗinsa bai taɓa yin wuya ba: a tafasa shi da citta da kanumfari da ɗan masoro, a tace, a zuba sukari. Ƙanƙara da abarba da ƙullin leda duk baƙi ne, bayan firji suka zo.

Tsiron ya ƙetare teku a zamanin cinikin bayi, kuma wannan ɓangaren labarin ne ya fi taɓa ni. A tsibirin Jamaika, jikokin bayin nan har yau suna jiƙa shi ya kwana da citta da kanumfari, kamar dai hannun iyayenmu ne ya koya musu. Abin da suka ƙara shi ne ram, barasar da ake tatsa daga rake, raken da kakanninsu suka noma a ƙarƙashin bulala. Shi ne abin shansu na Kirsimeti. Mutanen Meziko kuwa sunan tsibirin suka laƙaba wa furen. Yawanci ruwansa zalla suke sha da sukari, amma mashayansu kan zuba shi cikin margarita, haɗin barasar takila da lemun tsami da ake shafa wa bakin kofinsa gishiri.

Mu nan barasa ba ta cikin lissafi. Addini ya hana, kuma Jigawa ta ƙaddamar da Shari'a a 2000. A zamanin wannan gwamnati ta Saminu Turaki ne aka kafa yankin ciniki maras haraji a Maigatari, garin da aka fi sani da kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis. Sannu a hankali manoman Gagarawa da Sule Tankarkar da Gumel suka fara ware wa zoɓo fili sukutum, dillalai na auna shi buhu-buhu ana lodi zuwa Legas.

Da Meziko, inda ake kai zoɓon, ta rufe ƙofa na wasu shekaru saboda ƙwaron khapra da ta gani a kaya, farashi ya faɗi, manomi ya ji a jikinsa. An sake buɗewa bisa sharaɗin a turara kayan da maganin ƙwari kafin su hau jirgi. Matan da ke tsince shi a rumbunan ajiya, hannuwansu jajaye, har yanzu busasshe suke ɗura shi a buhu, a can ƙetare ne ake mayar da shi kwalba.