Auna Cunkoso a Jiragen Ƙasa: Wa Ke Yanke Iyakar Matsi?

Ma'aunin cunkoson jirgin ƙasa a lokacin fita aiki da tashi daga aiki ya dogara ne kan adadi biyu: yawan fasinjojin da ke ciki, da yawan waɗanda aka ce jirgin zai iya ɗauka. Na farkon ƙidaya ce, ana yin ta da ma'aikata a tasha, ko na'urorin bakin ƙofa, ko ta auna nauyin tarago. Na biyun kuwa hukuma ce ke yanke shi, kuma a nan ƙasashe suka sha bamban.

A Japan, ma'aikatar sufuri na ɗaukar jirgi ya cika kashi 100 idan kowa ya samu wurin zama ko abin riƙewa. A kashi 180 jiki na gugar jiki, amma ana iya karanta jarida a naɗe; a kashi 250 ko hannu ba ya motsuwa. Da wannan ma'auni, cunkoson manyan layukan Tokyo ya sauko daga kashi 221 a 1975 zuwa 163 a 2019, sakamakon shimfiɗa sababbin layuka da ƙarin taragu, sannan annobar korona ta faɗo da shi zuwa 107 a 2020.

Birtaniya ta sa tsawon tafiya cikin lissafinta. Idan tazarar tasha da tasha ta wuce minti 20, duk wanda ke tsaye rara ne; in ba ta kai ba, akan ware masa kusan rabin murabba'in mita. A Mumbai kuwa, mutum 14 zuwa 16 kan cunkushe a murabba'in mita ɗaya. Ke nan kwatanta alƙaluman wuraren nan kai tsaye tamkar awon hatsi ne da mudu daban-daban.

Akwai kuma giɓi biyu. Matsakaicin lissafi na sa'a guda yakan shafe bambancin taragu, alhali taragon da ke tsayawa daidai matakalar tasha ya fi sauran cika. Sannan wanda ya rasa shiga, aka bar shi yana jiran na gaba, ba ya cikin ƙidayar, ko da yake shi cunkoson ya fi cuta.

Saboda haka, alƙaluman da za su yi wa mai tsara sufuri amfani su ne waɗanda suka bayyana filin da aka ware wa mai tsayuwa, da mintunan da ya yi a tsaye, da yawan waɗanda jirgi ya bari a tasha.