Macbeth (wasan kwaikwayo)

Macbeth wasan kwaikwayo ne na ban tausayi wanda marubucin Ingila William Shakespeare ya rubuta wajen shekarar 1606, aka fara buga shi a 1623. Ya samo labarin daga littafin tarihi na Raphael Holinshed, wanda ya ba da labarin Sarki Macbeth da ya mulki Sikotilan daga 1040 zuwa 1057.

A wasan, Macbeth jarumin yaƙi ne da wasu matsafa mata uku suka yi wa albishir da sarauta. Kwaɗayin mulki ya rufe masa ido, ya kashe Sarki Duncan da ya sauka a gidansa, sannan ya sa aka kashe abokinsa Banquo da iyalan wani basarake mai suna Macduff. A ƙarshe Macduff ya hallaka shi, Malcolm ɗan Duncan ya hau gadon sarauta.

Matar Macbeth ce ta ƙulla makircin kashe Duncan. Da mijin ya fara ja da baya, sai ta yi masa gorin rashin mazantaka, ita kuma tun farko ta yi fatan a raba ta da tausayin da aka san mata da shi. Daga baya alhaki ya hana ta sakat, tana yawo cikin barci tana wanke hannu, har ta mutu.

Yaudara ta ratsa wasan. Ma'auratan sun tarbi Duncan da fara'a, suka ɗora laifin kisan kan dogarawansa. Shi ma Macbeth maganganun matsafan masu harshen damo ne suka sa ya ɗauka ba mai iya kashe shi.