Dutsen kunnen kifi: Shaidar ruwan da kifi ya girma a ciki

A cikin kan kowane kifi mai ƙashi, kamar tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, akwai ƙananan duwatsu shida, uku a kowane kunne, waɗanda masana ke kira otolit. Da su kifi yake ji, yake kuma daidaita jikinsa a ruwa. Sinadarinsu ɗaya ne da na farar ƙasa.

Dutsen yana girma ne shimfiɗa kan shimfiɗa tun daga ƙyanƙyasa har mutuwa, kuma jiki ba ya sake narkar da abin da ya riga ya shimfiɗu. A 1971 masani Giorgio Pannella ya nuna cewa shimfiɗar kan ƙaru kullum. Kowace shimfiɗa tana ɗaukar ɗan burbushin ma'adinan ruwan da kifin yake ciki a lokacin, musamman sitirontiyom da bariyom.

Ma'adinan kuwa daga duwatsu da ƙasar da kogi ya ratsa suke fitowa. Yankin Birnin Gwari, har da gandun dajin Kamuku da kogin Mariga mai kwarara zuwa kogin Kaduna, yana zaune ne a kan tsofaffin duwatsu masu ɗauke da zinariya. Kwarin Sakkwato da Rima kuma galibi ƙasar yashi da laka da farar ƙasa ce. Irin wannan bambanci shi ne ginshiƙin binciken, domin ruwan tsofaffin duwatsu yakan bar tambarin sitirontiyom dabam da na farar ƙasa.

A ɗakin gwaji ana yanka dutsen, a goge shi, sannan a bi shi da hasken leza daga tsakiya zuwa baki, na'ura tana auna ma'adinan. Tsakiyar tana nuna mahaifar kifin, bakin kuma ruwan da aka kama shi. Ana iya gwada ɓawon jiki ko ƙayar fiffike ba tare da kashe kifin ba.

Da wannan hanya aka tabbatar a 2016 cewa wani babban kifi na kogin Amazon, dorada, yana tafiyar dubban kilomitoci kafin ya koma yin ƙwai a yankin da aka ƙyanƙyashe shi.

Amfanin ga masunta a bayyane yake. Kifaye jinsi ɗaya suna iya kama da juna a faranti, alhali garkensu dabam. Idan kifin da ake kamawa a tafkin Shiroro ko na Kainji ya dogara da 'yan fadamu kaɗan da yake hawa da damina don yin ƙwai, to dakatar da su ko hana gurɓata ruwa da wankin zinariya zai fi tasiri a waɗannan wurare.

Hanyar tana da iyaka. Koguna biyu masu duwatsu iri ɗaya suna iya ba da tambari ɗaya, zafin ruwa ma yana sauya adadin wasu ma'adinan. Shi ya sa sai an fara auna ruwan kowane kogi, a kuma haɗa sakamakon da gwajin ƙwayoyin gado.