Tsattsewar Bututun Hayaƙi da Hasumiyar Sheƙa

Tsattsewar bututun hayaƙi, Chaetura pelagica, tana hayayyafa a gabashin Amurka da Kanada, ta yi hunturu a yankin Amazon. Ba ta iya zama kan reshe. Bango take maƙalewa, ta liƙa tsinkaye da yawunta ta yi sheƙa. Da aka sare bishiyoyi masu kogo ta koma bututun gidaje, yanzu su ma ana toshe su. Shi ya sa ake gina mata hasumiyar katako mai kaushin ciki, dabarar da wata mai suna Althea Sherman ta gwada a Iowa a 1915. Masu suka na cewa ƙarancin ƙwarin da take ci ne ainihin matsalar, kuma a Kanada hasumiyoyi da yawa sun zauna wayam. Haka ne, amma a Texas tana shigarsu, kuma inda aka rushe tsohon bututu, yalwar ƙwari ba za ta ba ta wurin saka ƙwai ba.