Daga Fadar Akbar zuwa Allon Waya: Tarihin Wasan Lido

A watan Fabrairu na 2016 wani ƙaramin kamfani mai suna Gametion, da ke Navi Mumbai a ƙasar Indiya, ya fitar da manhajar wasa da ya raɗa wa suna Ludo King. Babu wani sabon abu a cikinta. Allo ne mai gidaje huɗu masu launi huɗu, kowane ɗan wasa da 'ya'yansa huɗu, sai ƙwaya guda mai fuska shida, wato dai lidon da aka saba gani a majalisu da tsakar gidaje. Cikin shekara biyar an sauke ta a wayoyi fiye da sau miliyan 500, adadin da manyan kamfanoni masu kashe maƙudan kuɗi wajen zane da sauti suke nema ido rufe ba su samu ba.

Wasan da ya yi wannan nasara ya girmi wayar salula da ɗaruruwan shekaru. Ya sha sauya hannu daga al'umma zuwa al'umma, kuma duk inda ya sauka mutanen wurin sun gyara dokokinsa yadda ya dace da su. Sauyin da waya ta kawo daban yake da na baya, domin a wannan karon ƙwayar da dokokin duka sun bar hannun masu wasa sun koma hannun mai manhaja.

Asalinsa a Indiya

Kakan lido shi ne wasan da Indiyawa ke kira pachisi, daga kalmar Hindi da ke nufin ashirin da biyar. Ana yin sa a kan ƙyalle da aka ɗinka da rassa huɗu, kowane reshe da layi uku na gurabe takwas-takwas, jimilla 96. Abin jefawa kuwa wuri ne, irin ɗan ƙwanson tekun nan da ake ɗebowa daga tsibiran Maldives, wanda ya daɗe yana matsayin kuɗi a kasuwannin Kano da Katsina. Ana watsa guda shida a ƙirga waɗanda suka faɗi baki sama. Idan biyu ne a matsa gurbi biyu, idan uku ne uku. Idan ɗaya tak ya buɗe baki an ci goma, idan kuwa duka suka kife an ci ashirin da biyar, wanda shi ne ci mafi girma, kuma shi ya ba wasan suna.

Mutum huɗu ke buga shi, amma biyu-biyu suke haɗa kai, waɗanda ke fuskantar juna su ne abokan tafiya. Ba a cin wasa sai duka abokan biyu sun kai 'ya'yansu gida. Saboda haka gwani yakan jinkirta nasa ɗan don ya kare na abokinsa, har ma doka ta yarda mutum ya ƙi motsawa idan ya ga motsin zai cutar da ɓangarensa.

Akwai ɗan'uwan wannan wasa mai suna chaupar, da ake bugawa da dogayen ƙwayoyi a maimakon wuri, kuma shi ne ya samu gindin zama a fadar sarakunan Mughal. Abul Fazl, wazirin Sarki Akbar wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, ya bayyana a littafinsa Ain-i-Akbari cewa a wasu lokuta mahalarta kan kai ɗari biyu, ba a barin kowa ya koma gida sai ya kammala wasa goma sha shida, abin da kan ɗauki har wata uku. Ya kuma nuna cewa sarkin yana amfani da zaman wajen auna halin fadawansa. A Fatehpur Sikri, birnin da Akbar ya gina kusa da Agra, har yau akwai farfajiya da aka shata kamar allon wasan, inda ake ba da labarin cewa mutane ne ke tsayawa a matsayin 'ya'ya.

Yadda Turawa suka rage masa nauyi

A ƙarni na 19 wasan ya tsallaka teku. A Amurka kamfanin Selchow and Righter ya yi wa sunan Parcheesi rajista a 1874. A Ingila kuwa, cikin shekarun 1890, aka yi wa wani sauƙaƙan nau'insa rajista da sunan Ludo, kalmar Latin da ke nufin "ina wasa". An maye ƙyalle da kwali, an maye wuri da ƙwaya guda da ake girgizawa a ɗan kofi, an rage zagayen zuwa gurabe 52, an kuma sa dokar cewa ɗa ba ya fita daga gida sai an jefa shida. Babban abin da aka cire shi ne haɗin gwiwa. Kowa ya koma tasa ta fisshe shi, dabara ta ragu, sa'a ta ƙaru, wasan fadawa ya zama na yara da iyayensu.

Wannan sauƙi ne ya ba shi ƙafa. A Jamus, Josef Friedrich Schmidt ya ƙirƙiro nasa nau'in mai suna Mensch ärgere Dich nicht, wato "kada ka fusata", kuma a 1914 ya aika da kwafi 3,000 zuwa asibitocin sojoji, daga nan wasan ya bazu a gidajen ƙasar. Sifaniyawa suna da parchís, mutanen Kolombiya suna da parqués, sojojin ruwan Ingila suna da Uckers, kowanne da dokokinsa.

Ludon Ingila ya bi sawun mulkinta zuwa ƙasashen da ta mallaka, ciki har da Najeriya da Gana, har da Indiya kanta, wadda ta karɓi jikan wasanta a cikin kwalin kanti. A Najeriya ma an sake masa fasali. A wurare da yawa ƙwaya biyu ake jefawa, ana rufe allon da gilashi, mutum biyu kan riƙe gida bibbiyu, kuma ɗan da ya ci na abokin hamayya akan fitar da shi a matsayin wanda ya kammala tafiyarsa. Babu hukumar da ta tsara waɗannan dokoki. Kafin a fara, masu wasa kan yi yarjejeniya, idan gardama ta tashi su ne alƙalan kansu, ƙwayar kuma tana gaban kowa.

Waya ta koyi haɗa mutane

Wasa tsakanin mutum biyu a waya ya fara ne da Snake, wasan macijin nan da Taneli Armanto ya tsara wa Nokia 6110 a 1997. Wayoyi biyu kan haɗu ta hasken infrared, sai dai dole a ajiye su kusa suna fuskantar juna. Lokacin da layukan GSM suka fara aiki a Najeriya a 2001, Nokia 3310 da macijinta na cikin abin da mutane da yawa suka fara sani na wasan waya, amma yawanci kowa shi kaɗai yake yi, sai dai a gwada wanda ya fi tara maki. A 2003 Nokia ta fitar da N-Gage, waya ta musamman don wasanni da ke haɗa abokai ta Bluetooth. Ba ta yi kasuwa ba.

Ƙofar ta buɗe ne a 2008, da Apple ya buɗe App Store, Google kuma ya buɗe kasuwar manhajojin Android. A 2009 wasan haɗa kalmomi mai suna Words with Friends ya nuna cewa ba sai abokai sun zauna lokaci ɗaya ba: wannan ya yi nasa motsi da safe, wancan ya mayar da dare. Daga baya manyan wasannin harbi suka iso, Free Fire a 2017, PUBG Mobile a 2018, Call of Duty: Mobile a 2019. Waɗannan suna buƙatar intanet mai sauri da yatsu masu horo, kuma jinkirin daƙiƙa guda na iya jawo wa ɗan wasa faɗuwa.

Lido bai buƙaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wasa ne na bi-da-bi, abin da waya ke aikawa a kowane motsi lambobi ne kaɗan, wato abin da ƙwaya ta nuna da ɗan da aka matsar, don haka ko layi ya yi rauni wasa na tafiya, ko waya mai arha ce tana ɗauka. Ba a kuma buƙatar koya wa kowa doka, tun da kaka da jika sun riga sun san ta. Sa'ar ƙwaya tana daidaita gwani da ɗan koyo, shi ya sa ba wanda ke jin kunyar shiga.

Lokaci ma ya taimaka wa Vikash Jaiswal, wanda ya kafa Gametion. Wata bakwai bayan fitowar Ludo King, a Satumban 2016, kamfanin Jio ya fara aiki ya karya farashin data a Indiya, miliyoyin mutane suka shiga intanet a karon farko. Sai kuma kullen korona na Maris 2020, da ya raba iyalai da abokai. Manhajar tana ba mutum damar buɗe ɗaki na sirri ya aika wa abokansa lambar shiga, kowa ya shigo daga inda yake. Hausawa na cewa zumunci a ƙafa yake, amma a watannin da aka hana ƙafa tafiya, irin wannan ɗaki ya rage wa mutane da yawa kewa.

Wanda ke riƙe da ƙwaya

A manhaja babu abin da ake girgizawa. Hoton ƙwaya da ke juyawa ado ne kawai, lambar kuwa wani lissafi ne ke fitar da ita a cikin wayar ko a kwamfutar kamfani. Duk mai buga lidon waya ya san ƙorafin da ke biyo baya, cewa manhaja ta hana shi shida tana ba abokin hamayya.

Lissafi yana bayyana yawancin wannan ƙorafi. Damar samun shida a jifa guda ɗaya ce cikin shida. Damar yin jifa goma a jere ba a samu ba ta kai kusan kashi 16 cikin ɗari, wato abu ne da zai faru kusan sau ɗaya cikin kowane gwaji shida, ko da ƙwaya ta gaskiya ce. Zuciya kuma tana riƙe ranar da aka hana ta, ta manta ranar da aka ba ta. Sai dai bambancin yana nan: a majalisa, wanda ya yi zargi zai ɗauki ƙwaya ya duba, ko ya nemi a canja ta. A waya ba shi da abin dubawa, amanar kamfani kawai ya dogara da ita.

Haka dokoki. Abin da ya raya wasan tsawon ƙarnuka shi ne 'yancin da kowace al'umma ta samu na gyara shi. Manhaja kuwa zaɓin da mai ita ya tanada shi ne iyaka, ba a roƙon ta sassauci, ba a yi mata yarjejeniyar unguwa. Yaron da ya fara sanin lido a waya zai ɗauka dokar da aka rubuta a Navi Mumbai ita ce ta asali, ƙwaya biyun da iyayensa suka saba da su kuma baƙon abu ne.

Matsalar amana tana ƙara nauyi idan kuɗi ya shigo. Manhajoji irin su Ludo King suna samun kuɗin shiga ne daga tallace-tallace da sayar da sulallan cikin wasa. Amma bayan nasararsa an samu wasu manhajojin lido da ake zuba kuɗi na gaske, mai nasara ya kwashe, kamfani ya cire kasonsa. Indiya ta daɗe da sanin hatsarin wannan, domin a cikin Mahabharata, babban labarinta na dauri, sarki Yudhishthira ya rasa mulkinsa ne a wasan ƙwaya. A watan Agusta na 2025 majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar da ta haramta wasannin intanet da ake sa kuɗi a cikinsu, kamfanoni da dama suka dakatar da wannan ɓangare na harkarsu.

Ga mai son buga lido da abokansa, tarihin nan ya bar tambayoyi uku da ya kamata a yi wa kowace manhaja: wa ke jefa ƙwaya, wa ya tsara doka, kuma ta ina mai manhajar yake cin ribarsa. Ɗakin sirri tsakanin mutanen da suka san juna, ba tare da kuɗi a tsakani ba, shi ne mafi kusa da abin da aka gada, domin ko ƙwaya ta yi son kai babu abin da aka rasa sai wasa guda. Da zarar an sa kuɗi, kuma abokan wasan baƙi ne da ba a gani, to an shiga caca ke nan da ƙwayar da ba wanda ya taɓa riƙe ta a hannu.